Ragon Baba Arzika

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Takarda daga hannun mahaifinka Buhari ɗan Malam Sambo, a Ƙofar Kware cikin birnin Sakkwato, zuwa ga ɗana Haliru. Gaisuwa da yarda da sa albarka. Ina roƙon Allah ya sa ka buɗe ta kana cikin ƙoshin lafiya, ya sauke ka Birnin Kebbi lami lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baki, na wasu da naka.

Bayan haka, za ka tarar da takardar nan cikin akwatinka, ƙarƙashin rigar da innarka ta ninke maka. Ni na ce ta sa ta can. Kwana uku ina kiranka zaure da niyyar in yi maka maganar ga baki da baki, in ka zo ka durƙusa sai in ɓuge da tambayarka ko an gyara maka takalmi. Ka ga ubanka ke nan. Mutumin da ya tsufa yana ci da bakinsa, ya kasa buɗe shi gaban ɗan cikinsa.

Ka sami aikin tafinta, aikin da na yi har ƙafa ta ƙi ni. Na yi murna, kuma na ji tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Turancinka ya fi nawa nesa ba kusa ba. Kai a aji ka koya, da littafi da malami. Ni tsintar nawa na yi a ƙasa, sa'ad da Nasara sunka zo sunka nemi mai rubuta musu wasiƙu da Larabci da ajami, kakanka ya ba da ni yana hawaye don kada a ce gidansa ya ƙi. Ina zaune bakin tebur ina kasa kunne har bakinsu ya fara buɗe mini. Saboda haka ba Turanci zan koya maka ba. Kalma ɗaya tak zan yi maka magana a kanta, don ita ce ta kayar da ni.

Kalmar ita ce luk, wadda ka san duba ce. Da na fara aiki na ɗauka in na san luk ai na gama da ita. Ashe mutanen nan suna da wasu 'yan ƙananan kalmomi da suke ɗaura wa babba a wutsiya, su juya ta inda ba ka zata ba. In sun ce luk fo, nema ake nufi. In sun ce luk afta, riƙo ne da kulawa, irin wanda ake yi wa maraya ko mara lafiya. Ban san wannan ba ranar da wata tsohuwa ta taso tun daga Wurno a ƙasa don ta ba da shaida, Bature zai fita ya nuna ta ya ce in luk afta ta. Ban gane ba, kuma na ji kunyar in ce ban gane ba gaban masinjoji. Na yi lissafina, na ce duba ne da baya, wato a sa mata ido kada ta gudu. Na sa ɗan sanda ya tsaya kanta cikin rana, baiwar Allah ta wuni ko ruwa ba a ba ta ba, tana ta tambaya laifin me ta yi. Da Bature ya dawo ya ga haka, ya yi ja wur, ya wanke ni tas gaban masinjojin da nake jin kunya.

To, ka riƙe wannan. In ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba, a maimaita maka. Matambayi ba ya ɓata. Za su yi tsaki, wani ma ya kira ka da sunan da ba naka ba, amma tsakin nan a kanka zai tsaya. In ka yi shiru ka yi kintace, a kan wani zai sauka, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Wannan kuskuren jahilci ne, kuma na nemi tsohuwar ta yafe mini tun a ranar. Wanda zan gaya maka yanzu da sanina na yi shi.

Akwai wata wutsiyar, ita ce intu. In Bature ya ce zai luk intu magana, a littafinku na san an ce muku bincike ne, zai shiga cikin lamarin ya ga tushensa. Haka ne, littafi bai yi ƙarya ba. Na yi aiki da wani Bature ɗan siriri da in ya faɗe ta, kafin mako ya zagayo za ka gan shi tsaye bakin rijiyar da ake rigima a kanta, yana zufa, yana tambayar wa ya haƙa. Amma a bakin da yawansu kalmar nan hanyar sallama ce. Ita ce yadda mai mulki ke cewa tashi ka ba ni wuri ba tare da ya ɗaga murya ba, kuma duk ɗan ƙasarsu da ya ji ya san haka. Yadda za ka rarrabe, ka daina duban bakinsa ka dubi hannunsa. In ya faɗa ya jawo alƙalami, ya tambayi suna da gari, ya sa rana, to maganar tana da rai. In ya faɗa hannunsa na wani abin daban, an binne ta ke nan.

Baturen da na fi daɗewa da shi mutane na kiransa Mai Lofe. Shi alamarsa ba ta ɓuya. In ya ce zai luk intu abu yana ƙwanƙwasa lofensa na shan taba a dugadugin takalmi yana zubar da toka, ni da masinja har mukan haɗa ido. Mun san ko sunan mai ƙarar ba zai kai azahar a kansa ba.

Yanzu bari in sanar da kai Baba Arzika, don ba ka taɓa jin sunansa a bakina ba, kuma ba mantuwa ce ta hana ba. Manomi ne, gidansa da gonarsa suna bayan ganuwa, in ka fita Ƙofar Kware ka yi 'yar tafiya. Tun ubansa suke kawo wa gidanmu damin gero duk kaka, don kakanka ne malaminsu. Shi ya riƙa ɗora ni a wuya yana kai ni kallon masu kamun kifi a gulbi ina ƙarami. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai ɗan Malam.

Wata bazara anka zo anka kafa turaku masu jan ƙyalle tun daga bakin ƙofa, za a fitar da babbar hanya. Turakun sunka ratsa gonar Baba Arzika ta tsakiya, sauran gefen kuma anka ce nan za a haƙi marmara. Gonar ba ta da girma, amma ita ke ciyar da mutum tara. Surukinsa da ke wani ƙauye ya ce zai ara masa fili, sai dai ya ba shi amsa kafin ruwan shuka, don akwai wani mai so. Irin da ke rumbunsa kuwa na shuka ɗaya ne. In ya zuba shi a gonarsa, ba shi da na can. Abin da ya kawo shi ofis ke nan, ba ma roƙo ya zo yi ba, tambaya ɗaya ya zo da ita: hanyar nan bana za a yi ta, ko zai samu ya ci damina ɗaya?

Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya faɗi gaisuwa. Da ya ɗaga kai ya ga ni ne tsaye kusa da Bature, sai na ga fuskarsa ta saki. Na juya maganarsa da Turanci daidai, wannan kam ban rage komai ba. Mai Lofe ya saurara da rabin kunne, ya ɗaga ƙafa, ya ƙwanƙwasa lofe a dugadugi, ya ce zai luk intu.

Baba Arzika ya dube ni ya ce, "Ɗan Malam, mi yac ce?"

Haliru, ofis cike yake da mutane. Ga dattijon da ya goya ni durƙushe a ƙasa. Kuma ka san tarbiyyarmu, a zauren kakanka ba a taɓa miƙa wa babba magana tsirara ba, sai an sa mata riga. Ɗan aike na kirki a wurinmu shi ne wanda zai ɗauko a'a daga bakin mai girma ya shafe ta da mai kafin ya ajiye. Da wannan na yi shekaru ina ba kaina uzuri. Amma akwai wani abin a ƙarƙashi, yau zan faɗe shi. Ina so ya koma ƙauye ya ce ɗan Malam yana da baki wajen Nasara.

Sai na ce, "Baba, ya ce ka koma gida ka kwantar da hankalinka. Zai zo ya duba da idonsa."

Ka ƙirga abin da na ƙara. Bature bai ce kwantar da hankali ba, bai ce zai zo ba, bai ambaci ido ba. Duk daga aljihuna na zaro su.

Ya ce, "To, in shibka?"

Nan ma ƙofa a buɗe take in gyara. Maimakon haka na ce, "Allah ya ba mu damina mai albarka." Ya ce amin, ya sake faɗuwa ya gai da Bature, ya fita da baya yana sa mini albarka.

Ga gargaɗina na biyu. Tausasa murya halal ne, ka yi. Ka ce sannu, ka ce sai haƙuri, ka rage zafin zagi in an yi zagi, ba wanda zai mutu don ba a kai masa ashar ba. Amma abin da mutum zai ɗora shukarsa a kai, ko tafiyarsa, ko aurar da 'yarsa, wannan ka miƙa masa yadda yake. In ka ga an zubar da toka, ka juya kalmar yadda anka faɗe ta, sa'an nan ka bi mutumin waje ka ce masa, "Baba, a sanina da mutanen nan, kada ka jira." Hakkinsa ne, don kai kaɗai ne a ɗakin ka ji harshen biyu.

Abin da Mai Lofe bai sani ba, ni kuwa na sani sarai, shi ne yadda mutanenmu ke ɗaukar maganar babba. In mai mulki ya ce zai zo, an gama. Ba a komawa a ce yaushe, don komawa tambaya kamar ka ce masa maƙaryaci ne. Sai dai a shirya tarbarsa a zauna. Baba Arzika ya aika wa surukinsa ya ce ya gode, a ba wancan mai so filin. Ruwa ya sauka, ya zuba irinsa duka tsakanin turakun nan.

Bayan an yi noman fari na fita wata Jumma'a da la'asar zan gai da wani mara lafiya, hanya ta bi da ni ta ƙofar gidansa. Na tarar an share tun daga bakin turba har gindin gawon da ke gonar, sharar da ake yi kullum, don ko ɗan ƙirare babu. An jingina sabuwar tabarma a zaure ba a taɓa zama kanta ba. Ga wani farin rago ɗaure a turke, ana ba shi harawa da dussa alhali yaran gida kunu suke sha tsararo. Ya kama hannuna ya kai ni gaban ragon yana dariya, ya ce, "Na baƙonmu na. Kullum in mun ji sawun doki sai yara su sheƙa su gani. Halama aiki ya yi mai yawa."

Na ce, "Aiki kam akwai shi."

Anka dama mini fura na sha. A lokacin nan da na buɗe baki, da sauran dabara, don ana iya neman aron iri a yi maiwa a wani wuri, damina ba ta yi nisa ba. Na shanye furarsa na yi godiya na hau jakina. Washegari dai zuciya ta dame ni, na tuna wa Mai Lofe zancen gonar da ke bayan Ƙofar Kware. Ya ɗago ya ce wace gona? Ko a ranar ban koma na faɗa wa Baba Arzika ba. Na ce wa kaina wataƙila aikin hanya ya kai baɗi, Allah ya rufa mini asiri.

Na uku ke nan, ɗana. Kuskure ɗanye yana gyaruwa. Ranar da ka gane ka karkatar da magana, a ranar za ka taka ka je, ko da za a yi maka kallon banza. Kunyar da na guje wa ta yini ɗaya ce. Wadda na saya a madadinta ga ta har yau ina ɗauke da ita, ta girme ka da 'yan watanni.

Gero ya kai ƙugu, ya yi baƙi ƙirin don kyau, sai leburori sunka iso da adduna da diga. Ban je ba. Masinja ne ya ba ni labari, ya ce dattijon bai yi faɗa da kowa ba. Ya dai tsaya gaban shugaban leburori yana cewa a dakata, Bature na nan tafe, ɗan Malam ya faɗa masa. Sunka yi masa dariya sunka zagaye shi. Kafin la'asar gonar ta zama fili.

A makon nan anka haife ka. Ana gobe suna, da hantsi ina zaune a zauren nan da nake rubutu yanzu, sai na ji sallama. Baba Arzika ne, ya rame, yana jaye da farin ragon nan. Ya zauna, munka gaisa, ya yi barka. Ya ce za su tashi, shi da iyali, za su yi yamma wajen gulbi inda ake neman hannu a gonakin shinkafa. Sa'an nan ya miƙa mini igiya ya ce, "Don baƙo anka ɗaure shi. Wancan bai zo ba, ga shi Allah ya kawo wani baƙo a gidan Malam. A yanka mai."

Na ce haba Baba, ka sayar ka sayi hatsi mana. Ya ce abin da anka yi niyya don baƙo ba ya komawa kasuwa. Ya murza bakin tabarma, sa'an nan ya ɗago ya dube ni, ba da fushi ba, ya ce, "Tambaya guda ni ka so in yi ma, ɗan Malam. Ran nan a ofis, ka san ba shi zuwa?"

Na ce, "Wallahi Baba ban sani ba. Halin Nasara sai su."

Na rantse, Haliru. A zauren ubana, kan buzun da yake karantar da mutane tsoron Allah. Ya ce, "To, alhamdu lillahi. Da ma na ce ɗan Malam ba shi yi min haka." Ya tashi ya tafi da sauƙin zuciya, ni na ba shi sauƙin da ƙarya ta biyu. Da gari ya waye anka yanka ragon, liman ya raɗa maka suna, jama'a sunka ci nama sunka yi addu'a. Ni ban iya kai ko tsoka ɗaya bakina ba, innarka ta zaci murna ce ta cika mini ciki.

Na yi kaffarar rantsuwar, na yi istigfari iyakar iyawata. Amma ka yi karatu, ka san hakkin bawa ba ya faɗuwa sai bawan ya yafe, kuma ba ya yafe abin da bai san an yi masa ba. Shekara da shekaru ina cewa zan je. Da ina da ƙafa na rasa zuciya, yanzu zuciyar ta zo ƙafa ta tafi, ko masallacin unguwa sai an riƙe ni.

Da kakar nan da ta wuce wani mai kawo busasshen kifi ya gaya mini Baba Arzika na nan da rai. Yana wata tunga a bakin gulbi da ake kira Tungar Baƙi, yinin tafiya ɗaya daga inda za ka zauna. Idonsa ya tafi, jikokinsa ke jansa. Matarsa da ƙaramin ɗansu a can anka binne su tun shekarar farko, zazzaɓin fadama bai bar su ba. Ban ce ni na kashe su ba, rai na Allah ne. Amma na san wanda ya sa sunka bar tudu.

Saboda haka ga aikin tafinta na farko da za ka yi, kafin na Bature. In ka huta gajiya, Jumma'ar farko da ka samu, ka nemi tungar nan. Ka sayi rago fari ka ja da hannunka, kada ka ba wani ya ja maka. Ka tuɓe takalmi tun daga nesa. Ka ce kai ne Haliru, jikan Malam Sambo na Ƙofar Kware, wanda anka yanka wa ragonsa. Sa'an nan ka ce masa: Buhari ya ce in gaya maka, ran nan a ofis ya san Bature ba zai zo ba. Ya sani tun kafin ka fita ƙofa, ya sani ranar da ya sha furarka, ya sani ranar da ya rantse maka. Yana roƙon gafara.

Haka za ka faɗa. Na san ka, kana da kunya irin ta gidanmu, za ka ga tsoho makaho ka ji tausayinsa, ka ji tausayina, bakinka ya so ya ce ai Baba bai tabbatar ba ne, ai yarinta ce. Kada ka kuskura. In ka sa wa maganar nan riga, ka maimaita abin da na yi, kuma ka yi tafiyar banza.

Abin da ya amsa kuma, ka rubuto mini shi yadda ya fito daga bakinsa. In ya yafe, ka ce ya yafe. In ya yi shiru ya juya maka baya, ka ce ya yi shiru. In ya tsine mini, ka rubuta tsinuwar da kalmominsa, kada ka rage ko wasali. In kuwa ka tarar an riga an kai shi makwanci, ka tara 'ya'yansa ka faɗa musu, ka kawo mini tasu amsar. Ina nan zaure, ba inda za ni, duk mai sallama zan ɗaga kai in ga ko daga gare ka ne.

Innarka na gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci kafin ka fita, kuma kada ka sha ruwan gulbi sai an tace. Ƙannenka na gaishe ka. Ka riƙe salla a kan lokacinta ko Bature na tsakiyar magana, in ka saba masa tun farko zai saba. Allah ya yi maka albarka, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya, ya sa a yi alfahari da kai a inda ba ka nan. Allah ya daidaita harshenka fiye da yadda na daidaita nawa, ya kuma ja kwanan Baba Arzika har ka iske shi.

Wasalam, daga mahaifinka Buhari.